Auduga a Gefen Kwamfutar Anti Nas

A kan teburin cin abinci, gefen kwamfutar, akwai ɗan faranti da dunƙulen auduga a ciki, bai ma gama bushewa ba. Duk wanda ya ratsa falon a safiyar nan ya gan shi, amma babu wanda ya sake kallonsa. A gidan Anti Nas auduga da warin sifirit ba abin lura ba ne. Tun tana budurwa take aikin jinya a ɗakin yara, hannunta kuma ya saba, ba ta taɓa abu sai ta goge shi. Rimot, mariƙin ƙofa, har wayar baƙo in ya ajiye ya shiga banɗaki. Mijinta, tsohon direban bas da kowa ke kira Direba, yakan ce shi kaɗai ya rage a gidan ba a goge ba, shi ma don ba ya zama wuri ɗaya ne.

Nas ba mai yawan magana ba ce. Yaran da ta koya wa neman jijiya a hannun jariri su ne yanzu suke tsara mata ranakun aiki, ba a kuwa taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Sai dai bana ta sa suna a jarrabawar ƙarin girma, wadda in ta ci za a ba ta shugabancin ɗakin. Ritaya ta matso, wannan ce ta ƙarshe da shekarunta za su bar ta ta zauna. Yanzu kuma a kwamfuta ake yi, kowa a gidansa, kyamara na kallonsa. Ƙarfe goma ake buɗewa, wanda bai shiga ba zuwa goma da kwata an rufe da shi a waje.

Kwamfutar tsohuwa ce, ta Auta, 'yarta da ke jami'a, ita ma wajen yayanta ta gaje ta. Jiya sun gwada komai lafiya lau. Yau Nas ta tashi da wuri, ta shirya teburin kamar za a yi tiyata, ta ɗaura ɗankwali mai kyau saboda kyamara, ta zauna tana jira. Auta ta kunna, ta danna nan, ta danna can, sai ta juyo.

"Mama, ba ta ganin wai-fai."

"Kamar yaya ba ta gani? Ga shi can yana ƙifta ido."

Rautar, wato ɗan farin akwatin intanet mai ƙaho biyu, tana kan kantar talabijin, fitilunta kore shar. Auta ta duba wayarta, intanet na nan. Ta duba ta uwar, yana nan. Kwamfutar ce kaɗai ta ce babu komai. Nas ta ɗaga ido ta kalli agogon bango, tara da rabi ta gota.

Auta ta zare rautar daga soket, ta ɗan jira, ta mayar. Suka tsaya suna kallon fitilun suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Babu. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ita kuwa tsohuwar sai da ta gama miƙa da hamma kafin ta farka. Babu. Ta ɗauke ta cak ta kai ta gaban rautar, har suna gogar juna.

"Ku ba ni wuri," in ji Direba, ya fito daga ɗaki yana gyara hula. "Kowane inji yaren mari yake ji."

"Baba, don Allah."

Ya ɗan bubbuga akwatin, ya lanƙwasa ƙahonnin suka fuskanci teburin, ya hura bayansa. Nas ta sake kallon agogo.

"A yi a waya mana," ya ce.

"Ba su yarda ba, Baban yara. Sai kwamfuta."

Auta ta buɗe intanet ɗin wayarta don kwamfutar ta ja daga can. Shi ma ba ta gan shi ba. Sai ta tuna da wata shuɗiyar igiya da ta zo cikin kwalin rautar, wadda ake jonawa kai tsaye. Ta zazzage durowa, ta leƙa bayan kantar talabijin.

"Baba, ina shuɗiyar wayar nan?"

Direba ya sosa ƙeya. "Wannan mai ƙwarin? Ai ita ke riƙe da but ɗin mota. Na yanke kawunan, suna hana ƙulli."

Babu wanda ya yi dariya. Nas ta kira babban ɗanta, wanda shi ya haɗa rautar kafin aiki ya kai shi wani gari. Yana cikin mota, muryarsa na yankewa. Ta ƙara sautin kowa ya ji.

"Kun kashe kun kunna?"

"Yaya, mun yi," in ji Auta.

"To ko me za ku yi, akwai ɗan rami a bayan akwatin, kada wanda ya zura masa komai. In aka danna, suna da lambar sirri da saitin kamfani duk sun goge, sai an turo ma'aikaci. Kun ji ko? Kada Baba ya…"

Layin ya yanke. Suka juya a tare. Direba na tsaye gaban kantar, rautar a hannun hagu, tsinken sakace a na dama.

"Ni ramin kawai na ji ya ce."

"Cewa ya yi kada a taɓa!" in ji Auta.

"Yaron da ko taya bai iya canjawa ba? Nas, lokaci na tafiya. In ba a gwada ba ai zama za mu yi muna kallo."

Nas ta miƙe. A asibiti ta sha karɓe cokalin jiƙo daga hannun kaka ba tare da ta ɗaga murya ba, haka ta yi yanzu. Ta buɗe tafin hannunta a gabansa ta tsaya. Ya dube ta, ya dubi agogo, sannan ya ajiye mata tsinken.

Goma saura kaɗan. Auta ta koma gaban allon, ta ƙura masa ido, can ta ce a hankali, "Mama, ko na maƙwabta babu. Kullum sai na ga nasu a jere. Ko 'Sayi Naka' na gidan sama ba ya nan."

"Ma'ana?"

"Ba akwatin ba ne. Ita ce ta makance."

"To mun bar marar lafiya muna ta duba mai lafiya," in ji Nas. "Duba ta."

Auta ta shiga saiti ta fita, ta sake shiga. Wurin da ake danna wai-fai ya dusashe, ba ya amsawa. Direba ya zura takalmi ya haura gidan sama neman aron kwamfuta. Suna jin bugun ƙofarsa ta silin, suna jin shirun da ya biyo baya. Ya sauko yana haki, duk sun tafi aiki.

Agogo ya buga goma. Wayar Nas ta yi ƙara, saƙo ne daga wata abokiyar aikinta, cikin yaran da ta koyar: "Anti, mun shiga, kina ina?" Ta kifa wayar.

Auta ta fara hawaye. "Wallahi jiya tana yi. Ban taɓa komai ba, Mama."

"Na sani. Tashi ki sha ruwa."

Nas ta zauna a kujerar. Ta tuna watannin da ta yi tana karatu a motar haya, da tabarau a karan hanci, da yadda ta ɓoye wa abokan aikinta zancen jarrabawar har sai da sunanta ya fito. Ta dubi hannuwanta. Hannun da ke samun jijiyar jariri cikin kukan uwa da ihun dangi, yau ga shi ya rasa abin yi a gaban roba da gilashi. Ba ta san lokacin da ta jawo kwalbar sifirit ba. Ta yago sabuwar auduga ta jiƙa, ta shiga goge kwamfutar yadda ta yi da sassafe kafin kowa ya tashi: murfi, gefen dama, gefen hagu, sannan bakin gaba, da ƙarfi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Audugar ta sarƙe da wani abu. Ta sunkuya ta gyara tabarau. Wani ɗan makunni ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, irin wanda ake turawa gefe, ga zaren audugar safe maƙale a jikinsa. Kusa da shi wata 'yar fitila tana ci, ruwan goro.

"Auta, wannan fitilar, da ma haka launinta yake?"

Auta ta leƙo da kofi a hannu. "A'a… shuɗiya ce."

Nas ta sa farce ta tura makunnin ya koma inda ya fito. Ya ce ƙyas. Fitilar ta koma shuɗiya, sunaye suka zubo a allon, "Sayi Naka" a kan gaba, na gidansu a ƙarƙashinsa.

"Nas!" in ji Direba. "Ashe ke kika goge intanet ɗin!"

"Baba, yi shiru! Mama, lambarki, lambarki!"

Ta buga lambar jarrabawar da yatsa ɗaya, ta yi kuskure, ta goge. Dogon hannun agogo ya kusa taɓa uku. Ta ja numfashi ta sake bugawa, harafi bayan harafi. Allon ya yi fari, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Sai fuskar wata mata ta bayyana.

"Baiwar Allah, saura ƙiris da kin tarar an rufe. Gyara kyamarar, fanka nake gani."

Auta ta sunkuyar da murfin, ta ja hannun ubanta suka fice. Direba ya ɗauki kujera ya zauna a bakin ƙofar gida, duk mai tallan da ya doso sai ya ɗora yatsa a leɓe ya kore shi da hannu.

Lokacin da ta rasa ba a mayar mata ba. Tambayar ƙarshe rabi ta amsa allon ya rufe, amma sauran duk ta yi su, kuma ta san abin da ta rubuta. Da ta buɗe ƙofa, Auta ta shigo da salatif ta manne makunnin, ta ce daga yau gefen nan ya fi ƙarfin auduga. Nas ta ce to.

Ta zubar da audugar, ta wanke ɗan farantin ta kife. Sannan ta jona dutsen guga ta shimfiɗa farar rigarta, don aikin rana take da shi.