Fasfon da Muke Kira Ajiya

Yau shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Malam Sabi'u, Allah ya jiƙansa. Da zai leƙo Dubai ya ga abin da na zama, na tabbata tsaki zai riga sallama fitowa daga bakinsa.

Malamin tarihi ne a Kano kafin neman abinci ya kawo shi nan, ya zama tafinta a wani kamfanin jigilar kaya. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Al Karama. Ranar Juma'a in an sauko, maimakon ya huta kamar kowa, sai ya baje takardu biyu a kan darduma: wadda Amurkawa suka rubuta da suka yi wa sarkin Ingila bore, da wadda Faransawa suka rubuta da suka tasa nasu sarkin a gaba. Yunwa na cina, shi yana ta bayani.

Yakan ce ta Amurka ta jingina da Mahalicci, cewa Shi ya yi mutane daidai, ta Faransa kuwa ta fi jingina da doka da abin da jama'a suka yarda da shi. Amma rijiya ɗaya suka sha, wato masanan Turai da suka ce hankali ba gadon gidan sarauta ba ne, mulki kuma sai da yardar talaka. Daga nan sai ransa ya ɓaci. Da yawa cikin waɗanda suka sa hannu a ta Amurka suna da bayi a gona. Faransawa kuma suka tsallake matansu, suka tsallake bayin da ke sare musu rake a tsibirai. Kyan alkawari cikawa, in ji shi, su kuwa sun tsaya a kyan rubutu.

Duk wannan karatun, fasfonsa na durowar mai kamfanin, wai da sunan ajiya. Da Innarmu ta kwanta ciwon ajali ya je karɓa, aka ce maigida ya yi tafiya da mukulli. Ni na samu na tafi. Shi ta waya ya ji an kai ta makwancinta. Da na dawo ya ce min, "Ɗanlami, ajiya mai kaya ke miƙa ta da hannunsa. Wadda aka ƙwata, sunanta daban."

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yau ina da ofishin kaya na kaina a unguwar Port Saeed nan Dubai, da ma'aikata huɗu, kuma fasfunansu na durowata. Dokar ƙasar ma ta hana, amma mu da muka sha wannan wulaƙanci mu ne muka fi iya shi, wai kada su gudu. Mu zauna muna zagin Turawa da munafunci, mukulli na aljihunmu.

Watan jiya direbana Malam Isuhu, dattijo daga Maraɗi mai furfura fal gemu, ya ce, "Alhaji, an kwantar da mai ɗakina a asibiti, a taimaka min da paspor ɗina." Na ce, "Shwaiya shwaiya, a hankali dai Malam Isuhu, ai ajiya ce. Bari kwantena ta fita, khalas, shi ke nan sai in ba ka." Kwana tara na riƙe shi. Ranar da na miƙa masa, mutumin da ya kusa haifata ya durƙusa yana sa min albarka saboda na ba shi abin da dama nasa ne. Wallahi ƙyamar kaina na ji, kamar na taka ƙazanta da ƙafa ba takalmi.

Yaya bai bar gida ba, bai bar fili ba. Abin da na gada a wurinsa shi ne wannan ƙyamar, kuma ta zo a makare. A ranar nan na kira sauran ma'aikatan ukun, na ba kowa nasa. Ɗayansu ya juya fasfon a hannunsa, ya dube ni a tsorace ya ce, "Alhaji, korata aka yi?"