Tsarabar Baffa daga Umra

Shekarar da aka yi wa Baba ritayar dole, a cikinta ne amininsa ya dawo daga Umra ya kawo mana tsarabar kaset ɗin bidiyo. Ofishinsu ɗaya a ma'aikata, kuma kusan kullum da yamma yakan biyo gidanmu a Kurmin Mashi. Baffa muke ce masa.

Katun ne na 'yan Japan masu manyan idanu, an mai da maganarsu Larabci. Labarin wani saurayi ne ma'aikacin jirgin ruwa, abokansa suka yi masa ƙazafi aka ɗaure shi, ya fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni ce babbar 'ya, ina ɗan tsintar Larabcin Islamiyya, ni nake fassara wa ƙannena.

Baba ba mai kallon katun ba ne, amma zaman gida ya ishe shi. Wata rana bayan la'asar ya leƙo falo, ya tsaya, sai ya zauna. Ya ce ya san labarin, tsohon littafin Turawa ne, ya karanta shi a makaranta. Da aka zo inda ɗaya daga cikin abokan ya rungumi saurayin, alhali shi ya kai ƙararsa, Baba ya ce in mayar baya.

"Me ya ce masa?"

"Wai kada ya damu, Baba, yana tare da shi."

Daga baya na jiyo shi a tsakar gida yana tambayar Umma, duk kayan kallon da ke Saudiyya me ya sa Baffa ya zaɓo wannan.

"Haba Alhaji, abin yara ne," in ji Umma. "Shi da ko Larabci ba ya ji."

"To wa aka ba kujerata?"

Baffa kuwa aka ba kujerar.

Da Baffa ya zo ya tambaye ni, "'Yata, ya katun ɗin?" Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Mun gode, mun kuma gane." Baffa ya yi dariya. Na ƙura masa ido, na kasa tantance ko dariyar rashin sani ce ko ta kunya.

Zuwansa ya yi ta raguwa, har aka mayar da shi Abuja. Ban sake ganinsa ba sai ranar ta'aziyyar Baba, ina matar aure. Ya tsufa, ya yi kuka sosai. Na kai masa ruwa na gaishe shi, amma na kasa ce masa Baffa.