Gohon Bukar a gonar tattasai

Jama'a, yau taubashina Bukar ya kashe ni da raina! Bukar, na san kana cikin grup ɗin nan, karanta da kyau.

Kun san ranar Juma'a za a ɗaura mini aure. To surukina Alhaji, mutumin Damagaram mai shago a kasuwa, ya ce sai ya ga gonar tattasaina ta Shetimari da idonsa. Na ɗauko shi a bayan moto, babur ɗina. Babbar riga fara ƙal, sai ƙamshi yake!

Muna isa bakin Komadugu, Bukar na wajen motopom, injin jawo ruwa, yana ban ruwa. Ya ji ƙarar moto, ya san ni ne. Ko waiwayowa bai yi ba! Sai ya zame wando, ya yi mana goho, ɗuwawu a fili yana karkaɗawa, yana ihu: "Ango, ga gudummawata!"

Innalillahi! Ƙato da gemu, har da iyali!

Alhaji ya ce, "A'uzu billahi! Mahaukacin ina ne wannan?"

Sai Bukar ya leƙo ta tsakanin ƙafafunsa, ya hango babbar riga. Ya zabura zai gudu, wando ya harɗe shi, sai cikin laka timm!

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wasan taubasai ne. Shi ne wakilina wajen ɗaurin aure."

Alhaji ya gyara hula, ya ce, "To madalla. Ka ce masa ranar Juma'a ya zo mana da fuskarsa. Da bayan dai mun riga mun gaisa."