Muciyar Kaskon Mapul

Mahaifina mazarƙwaila yake yi a ƙauyenmu na wajen Maƙarfi. Tun ina ƙarama nake tsayawa kallon ruwan rake yana tafasa har ya yi kauri, in an sauke kuma mu mata ke kankare ƙanzon. Shi ya sa ranar da na shiga ɗakin dahuwa na wata ƴar gona a Staten Island, tururi ya daki hancina, sai da na dafa bango. Na shekara da shekaru a New York ina gogen benaye da banɗakuna, sai ranar na ci karo da aikin da na iya tun daga gida.

Akwai itacen da suke kira mapul. In hunturu ya zo ƙarshe sai a huda jikinsa a rataya bokiti, ruwa ya riƙa ɗiga. Shi ake juyewa a wani kaskon farin ƙarfe, faɗinsa ya kai dadduma biyu, a yi ta hura masa wuta har ya koma kamar zuma. Shara aka ɗauke ni. Amma mai kula da ɗakin, wani dattijon Bature marar yawan magana, ya ga ina kwashe kumfa ba tare da an nuna mini ba, sai ya bar mini wankin kaskon.

Ba a sa masa sabulu, domin zumar tana ɗaukar ƙanshin duk abin da ya taɓa ƙarfen. Ruwan zafi ne da soso, kuma tun da sauran ɗuminsa, kafin ƙanzon ya kafe. Ni gajeriya ce, hannuna ba ya kai tsakiya. Dole sai da ƙota. Dattijon ya kawo ta ƙarfe, ta karce gindin kaskon. Ya kawo ta roba, ta lanƙwashe a ruwan zafi kamar taliya. Ta tsintsiyar goge ƙasa kuwa fenti gare ta, yana ɓarewa. Na gaji na ajiye su duka, na kwanta bisa bakin kaskon ina miƙa hannu, har ranar da gefensa ya ƙona mini damtse.

Dattijon ya dubi ƙunar, ya ce daga mako mai zuwa in koma shara, zai nemo mai dogon hannu.

Ban saba musu da na sama da ni ba. A gida ma sai an matso ake jin muryata. Amma ranar na ce masa, da Turancina na tsince-tsince, "Hannuna lafiyarsa lau. Ƙotocinka ne marasa kyau. Ba ni kwana bakwai."

Da na koma gida Concourse Village, ɗiyata mai karatun aikin jinya ta ɗaure mini damtsen tana faɗa.

"Umma, saboda Allah, tukunyar mutane ce fa. Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, bas, duk don ki je ki ƙone?"

"Ke dai ɗaure, malamar asibiti."

"Ki bar musu abinsu mana."

Na ce, "Shara kowa ya iya. Wannan kuwa kakanki ya koya mini, ba zan bar shi don sanda ta gagara ba."

Ina maganar idona ya faɗa kan babbar muciyata ta tuwon suna, jingine bayan firji. Ta kai mini ƙirji, itace ne zalla, kanta da faɗi. Washegari na naɗe ta a zane na shiga jirgin ƙasa. A jirgin ruwan da ke tsallakar da mu zuwa Staten Island wani ma'aikaci ya tambaye ni ko zan taya su tuƙi ne. Na ce in injinsu ya mutu su neme ni.

Na ɗaura mata soso da zaren auduga. Kai! Ina tsaye a miƙe ta kai kowace kusurwa, kaskon ya fito yana ɗaukar ido. Dattijon ya ɗaga gira.

Da aka sauke dahuwar gaba ya ɗiba a cokali ya lasa, sai ya tsaya. Ya sake lasawa. Ya miƙo mini.

"Mene ne wannan?"

Ni na sani tun kafin ya kai bakina. Daddawa ce. Can ƙasa-ƙasa, amma ita ce. Da wannan muciyar muka juya miyar kuka a sunan jikar maƙwabciyata, da ludayi ya kasa kai gindin tukunya. Itace ya sha, hancina kuma ya saba har ba ya ji. Dahuwar yini guda ta tashi a banza, ruwan da aka yi kwanaki ana tara shi ɗigo-ɗigo.

Na gaya masa gaskiya. Ya ce to shi ke nan, an gwada.

"Kuskuren nawa ne, na ɗauka," na ce. "Amma ka ga kaskon jiya ko ba ka gani ba? Kwana bakwai na ce, yau uku."

Ban zauna ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya ci gaba da faskaren icensa.

Na bi shagunan unguwar Tremont ɗaya bayan ɗaya, duk ƙananan muciyoyi ne na tuwon mutum huɗu. Sai a shagon wata baiwar Allah ƴar zangon Kumasi na hango doguwa a saman kanta, ƙura ta rufe ta, ba ta taɓa shiga tukunya ba.

"Hajiya, biki za a yi ba a gayyace mu ba?" in ji ta.

"Tuwon Turawa zan tuƙa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To a sammana miyar!"

Sau uku na dafa muciyar a ruwa zalla ina zubarwa, na shanya a taga. Na ba ɗiyata ta shinshina, tunda na daina yarda da hancina. Ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Itace kawai, Umma." Sai ta ɗauko leda sabuwa ta naɗe mini da kanta.

Na tafasa ruwa a kaskon sau biyu kafin in goge, na ɗauraye har hannuna ya yi yaushi. A rana ta shida aka sauke dahuwa. Dattijon ya lasa, ya rufe ido, ya lasa kuma. Bai yaba ba. Ya fita ya dawo da guduma da ƙusa, ya kafa a bango kusa da kaskon, daidai inda hannuna zai kai.

Kafin in rataye ta na ari alƙalamin da yake rubutu a kwalabe. Rubutu da girmana na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci, don haka a hankali nake yi. Can saman ƙotar, inda ba ya taɓa ruwa, na rubuta: Ta kasko ce, ban da miya.

Ya ce me na rubuta. Na ce gargaɗi ne ga mai ita.

Hunturu huɗu ke nan tana rataye a ƙusar nan. Tsintsiyar shara kuwa wani aka ba.