Wa Zai Amsa Wa Uwani?

Da kamawar watan Rajab ɗin nan, shekara tara ke nan da rasuwar mai ɗakina, Hajiya Uwani, wadda matan unguwarmu Zaitawa suka fi sani da Uwani mai ƙwarya. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Ni tsohon malamin makaranta ne, ban san kan kiɗa ba ko kaɗan, amma na zauna da makaɗiya fiye da rabin rayuwata. Abin da ya faru makon jiya ne ya sa na ɗauki biro.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kiɗan ƙwarya na mata ne. A cika masaki da ruwa, a kifa ƙaramar ƙwarya a kai, a jera wasu a kife a ƙasa, a dinga bugawa da 'yan sanduna. Uwani takan je biki da suna in an gayyace ta, amma wanda ta fi ji da shi shi ne na ranar Laraba. Duk Laraba bayan La'asar sai a share tsakar gidanmu, a shimfiɗa tabarmi, a bar ƙofa a buɗe. Ba gayyata, ba kuɗin shiga, ba liƙi. Mai goyo ta shigo, mai dawowa daga unguwa ta biyo, mai talla ta sauke farantinta ta zauna. Kafin a kira Magariba kowa ta kama gabanta.

Ni kuwa wurina zaure, da littafi a hannu. Namiji ba ya shiga taron mata, balle malamin da ake russuna wa a unguwa. In an watse sai Uwani ta leƙo ta ce, "Malam, yaya ka ji na yau?" Ni kuma in ce, "Ji me? Karatu nake yi." Sai ta dubi tabarmata, daidai inda diddigena ya cinye saƙar garin bin kiɗa, ta ce, "To, Allah ya ƙara ilimi." Haka muka yi ta yi har ta koma ga Mahaliccinta. Ban taɓa sauya amsa ba, ita ma ba ta taɓa fasa tambaya ba.

Tana da wata ƙa'ida da ba ta ɗaga wa kowa. Kafin ta fara sai ta jefa baiti ɗaya: "Masu gida, kuna ciki?" Sannan ta ɗauke hannu daga kan ƙwarya, ta jira. Sai mata sun amsa, "Muna ciki, ƙofa a buɗe," sannan sanda ta sauka. In ba a amsa ba, ba kiɗa. A wurinta rabin waƙa ne a bakin mawaƙiya, ɗaya rabin yana bakin jama'a, kuma ita ba za ta ɗauko wa kowa nasa rabin ba. An taɓa ɗaukarta biki a wani sabon ɗakin taro a wajen gari, inda aka zaunar da mutane a kujeru kewaye da tebura. Ta jefa baitin, kowa yana fama da cokali. Ta jira, ta jira, sannan ta ɗauki masakin ta juye ruwan a gindin fulawar bakin ƙofa, ta dawo gida. Na ce mata wannan ai rigima ce. Ta ce, "Malam, sallama na yi ba a amsa ba. Kai da za ka shiga?"

Tun da ta rasu nake tambayar kaina me za ta ce da ta ga Kanon yau. Wuraren kiɗa sun yi yawa, irin waɗanda ba ta sani ba. Ga ɗakunan taro masu sanyi, ga wuraren shaƙatawa da sai da tikiti, ga kuma na kyauta da matasa ke shiryawa a filaye, da lasifikoki tsawon mutum. Ni mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf, don haka na leƙa wasu, na tsaya daga baya-baya kamar mai jiran wani. Na san lasifika za ta burge ta, don a shekarunta na ƙarshe muryarta ta fara gajiya. Na san na kyautan za su yi mata daɗi, tun da ita ma ƙofa a buɗe ta bari. Abin da na kasa hasashe shi ne wannan: mawaƙi ya hau, a kunna masa waƙarsa da aka riga aka ɗauka, har amshin yana ciki, na'ura ce ke amsa masa. Jama'a kuwa hannu a sama, kowa da wayarsa, ana ɗauka don a kalla gobe. Ban ce yaran sun yi laifi ba. Suna jin daɗinsu, kuma akwai masu murya a cikinsu. Ina dai mamakin ko za ta ce masu gidan suna ciki.

Ana haka sai ga Walida, jikarmu, 'yar babban ɗanmu. Sunan kakarta ta ci, shi ya sa ake sakaya shi. Tana karatu a jami'a, kuma ta gado muryar. Ta ce samarin cikin gari sun shirya wasa kyauta a wani fili kusa da Ƙofar Na'isa, an ba ta dama ta hau, tana son aron ƙoren da ke rataye a ɗakin marigayiya.

"Tsohon mijina," in ji ta, "yadda Hajiya take yi zan yi. In ba su amsa ba, zubar da ruwan zan yi."

Na ce, "Ke amarya, yaran nan ba su san amshin ba. Ki fara koya musu mana."

Ta ce, "Hajiya ta taɓa koya wa wani?"

Taurin kan ma ta gada. Na sauko mata da ƙoren, har da masakin nan mai ɗinkin gyartai a gefe, amma gaskiya tsoro ya kama ni. In ta juye ruwa a gaban waɗannan wayoyin, kafin gobe duk Kano an gani, an yi mata dariya, kuma ba mai sake kiranta. Ni kuma zan tabbatar da abin da na daɗe ina gudu, cewa da waƙar Uwani aka binne Uwani.

Ranar wasan na je bayan La'asar, na tsaya can baya wajen masu sayar da awara da zoɓo. Wani saurayi mai fiyano ya gama nasa, aka yi tafi. Sai Walida ta hau, aka taya ta ɗora masaki, ta zauna ta tanƙwashe ƙafa. Wasu suka fara dariya. Ta jawo makirufo kusa da bakinta ta jefa: "Masu gida, kuna ciki?" Ta ɗauke hannu.

Shiru. Wayoyi a sama, ana jiran na'ura ta ci gaba. Wani ya yi fito. Daga inda nake na hango hannunta ya kai bakin masakin.

Sai na ji wata murya mai rawa, irin ta tsohon ƙyaure, ta ce, "Muna ciki, ƙofa a buɗe." Tawa ce. Ni kaɗai, a gaban jama'a, har da waɗanda na koyar a aji. Kawuna suka juyo, kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Walida ta saki bakin masakin ta sake jefawa. Wannan karon mai awarar da ke kusa da ni ta ajiye matsaminta ta amsa tare da ni, wata dattijuwa mai zoɓo ta ɗauka daga can gefe. Da Walida ta kuma jefawa, yaran sun riga sun kama. Filin ya amsa gaba ɗaya, na ga hannuwa suna sauka da wayoyi don su sami damar tafi. Sannan sanda ta sauka a kan ƙwarya.

Da aka gama, mai awarar ta russuna ta gaishe ni. Ban gane ta ba. Ta ce tun tana amarya a unguwar Dukawuya take zuwa Larabar gidanmu.

"Malam, ashe kai ma ka iya," in ji ta. "Kullum Hajiya cewa take mana, ku ɗaga murya, akwai mai karatu a zaure."

Na juya na goge idona da hannun riga.

To me ya rage na Uwani bayan shekara tara? Ba mu da kaset ɗinta ko ɗaya. Masakin ya tsufa, gyartai ma ya ce wannan ɗinkin shi ne na ƙarshe. Tsakar gidan an yi masa siminti, kuma ba a sharewa don kowa ranar Laraba. Abin da ya rage shi ne rabin waƙar nan da ta ƙi riƙewa, ta bar shi a bakin mutane, ciki har da wanda ya rantse karatu yake yi. Da ta riƙe duka, da ta tafi da duka. Har yanzu ban san me za ta ce game da na'urar da ke amshi ba, amma na san ranar nan ba za ta zubar da ruwa ba.

Kafin Magariba Walida ta dawo da ƙoren. Ta same ni a zaure, a kan tabarmar nan, da littafi a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda kakarta take tsayawa, ta ce, "Malam, yaya ka ji na yau?"

Na rufe littafin. Na ce, "Na ji. Duk na ji."