Watan Sha Ruwan Tsofaffi

Wata rana, a tsakiyar sanyin Ingila, wani matashi mai suna Sha'aban ya yanke shawarar kai mahaifiyarsa inda rana take.

Inna ta zo masa ziyara ne daga Gumel. Ta zo da murnarta, sanyi ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Gwiwoyinta suka ƙi lanƙwasuwa. Kafin la'asar ta yi sanyi gari ya yi duhu. Kullum tana gindin na'urar ɗumama ɗaki, safa kan safa.

Ga ciwon sukari. In ta sha maganinta ta daɗe ba ta sa komai a baki ba, sai jikinta ya kama rawa.

Amma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Abu ɗaya kawai ta taɓa faɗa, wata safiya tana leƙen taga:

"Su mutanen nan, ranarsu ma kunya take ji."

Sha'aban ya yi dariya. A ranar ya nemo musu tikitin zuwa Masar, wani gari a bakin teku, su je su sha rana su dawo.

Jirgin irin mai arahar nan ne. Wanda ya taɓa hawa ya san zancen. Kujera kawai ka saya. Ruwa saye, abinci saye, ƙarin jaka saye. Kai, ko zama kusa da naka kake so, sai ka biya. Kuma tafiyar ba gajera ba ce, ana shafe kusan rabin yini a sama.

To shi Sha'aban mutum ne mai tsari. Babu abin da bai karanta ba a kan yadda ake jin daɗin doguwar tafiya a irin wannan jirgi. Ya sayi matashin wuya. Ya sayi abin rufe ido. Ya sayi abin sawa a kunne mai kashe duk wata ƙara. Har da safa mai matse ƙafa, wai don kada jini ya taru.

Sannan ya zaɓi kujerar da ke bakin ƙofar gaggawa, inda mutum zai miƙe ƙafa yadda yake so. Dogo ne, ga ciwon baya na zaman ofis.

Sai dai wannan layin ba a ajiye tsofaffi a cikinsa, haka wanda ba ya jin Turanci. Ke nan Inna ba za ta zauna kusa da shi ba, sai dai shi ya koma baya kusa da ita.

Ya same ta tana lazimi.

"Inna, sun raba mana wurin zama. Ni ina gaba, ke kina can baya. Ko in canza in dawo kusa da ke?"

Ba ta ɗago ba.

"A'a, ba komai. Ko'ina ma ai zama ne."

Ya ji abin da yake so ya ji. Ya tashi.

Jama'a, ga abin da ya kamata ku sani. Sha'aban ɗan fari ne.

Inna irin matan da ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai dai "kai", ko "yaron nan", ko "wancan". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa komai. Ko watan Sha'aban ne ya kama, ba ta kiran watan da sunansa, sai ta ce watan sha ruwan tsofaffi, yadda kakanni suke faɗa.

Ya san duk wannan. A ciki ya girma.

Ranar tafiya, a wurin bincike, aka karɓe gorar ruwan Inna.

"Bar musu, Inna, za mu sayi wani a ciki."

Layi ya yi tsawo, aka fara kiran shiga jirgi, zancen ruwa ya bi iska.

Da yake jaka ɗaya tikitinsu ya ba su, dabinonta da biskit ɗinta da magungunanta duk suna cikin tasa. Ya ɗaga jakar ya sa a ma'ajiyar da ke saman kujerarsa, can gaba.

Ya raka ta baya. Wurinta jikin taga ne, wani ƙaton Bature a tsakiya, wata mata a bakin hanya tuni ta lulluɓe fuska da gyale. Ya ɗaura wa Inna bel, ya gyara mata mayafi.

"In kina son wani abu, ki kira ni kawai."

Ta ce, "To."

Ki kira ni.

Bai ma ji abin da ya faɗa ba.

Ya koma gaba, ya miƙe ƙafafu, ya ɗauki hotonsu ya tura wa abokai kafin a ce a kashe waya. Ya gyara matashin wuyan da ya rataya tun daga gida, ya toshe kunne, ya rufe ido.

Rabon da ya yi barci mai daɗin wannan har ya manta.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ji kawai ya yi an fizge abin kunnensa.

Ya ɗaga abin rufe idon a fusace. Wata mata ce tsaye a kansa, ta girme shi da 'yan shekaru, gyale a kafaɗa, hannu a ƙugu. Bayanta ma'aikaciyar jirgi.

Matar ta dube shi tun daga matashin wuya har safa. Ta yi magana da Hausa, irin ta Hausawan zangon Kumasi.

"Kai ne watan sha ruwan tsofaffi?"

Mutum ɗaya ne a duniya yake wannan magana.

"Ni ne. Lafiya?"

"To tsohuwarka tun da muka tashi ba ta sha ruwa ba."

Ya zabura, bel ya dawo da shi. Ya kwance, ya jawo jakar, ya bi ta a guje da safa, takalmi ma bai tsaya nema ba. Idanun mutane duk a kansa. Matashin wuyan yana nan maƙale da shi.

Inna tana jingine da taga. Gumi a goshinta duk da sanyin jirgin. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari. An miƙa mata lemo a kofin roba, hannunta yana rawa har yana zuba a mayafi.

Ya durƙusa a kan hanya.

"Inna! Inna, sannu. Me ya sa ba ki…"

Ya buɗe jakar ya ciro dabino.

Matar, Barikisu sunanta, 'yar Kumasi ce mazauniyar Ingila. Ita ce wadda ta lulluɓe fuska a bakin hanya. Yana ɓare wa Inna dabino, ita kuma tana zuba masa labari, ba ta rage murya ba.

Ashe da aka turo keken abinci, Inna ta ɗauka irin jirgin da ya kawo ta daga gida ne, inda ake raba wa kowa. Ta miƙa hannu. Aka nuna mata na'urar karɓar kuɗi. Ta janye hannunta a hankali, ta mayar cikin mayafi, ta juya ga taga.

Baturen da ke tsakiya ne ya ba Barikisu wannan labarin daga baya. Ya ce ya ɗauka ta fasa ne.

"Ni barci nake," in ji Barikisu. "Carbinta ne ya faɗo a ƙafata. Na ji tsohuwa ta ce, 'Yi haƙuri, 'yar nan.' Na ce ikon Allah, Hausa a sama! Ina dubawa na ga mutum yana rawa kamar an jiƙa shi."

Ta kira ma'aikata, aka kawo lemo. Suka tambaya ko tana shan wani magani, kuma wane iri. Inna ta ce yana jakar yaro.

"Na ce wane yaro? Ta ce yana gaba. Na ce yaya kamanninsa? Ta ce dogo ne, da abu a wuya. Ƙanina, ɗaga kai ka duba. Rabin jirgin nan da abu a wuya!"

Wani a layin baya ya yi dariya duk da bai san me ake cewa ba.

"Na ce, Mama, faɗa mini sunansa a kira shi a lasifika. Ta kau da kai. Na ce, Mama, suna! Sai ta ce, 'Ɗan fari ne.'"

Sha'aban ya sunkuyar da kai.

"Na ce, Mama, yau ɗaya dai, rai ake magana. Wallahi bakinta ya motsa. Na gani da idona, ta ɗauko sunan har bakin leɓe, ta kasa. Sai ta ce, 'Sunan watan sha ruwan tsofaffi gare shi.' Ni kuma a wurinmu ba mu san wannan ba. Na ji 'sha ruwa', na ce a ƙaro mata ruwa. Ta girgiza kai. Na ce wata? Rajab? Ta ce gaba. Ramadan? Ta ce baya. Tsohuwa tana neman suma, ni ina kacici-kacici!"

Da suka gano sunan, aka kira a lasifika. Aka sake kira.

Shiru.

Abin kunnen nan mai kashe duk wata ƙara ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Sai da Barikisu ta bi layi-layi tana leƙa fuskokin mutane, har ta iso kan wani dogo da ya fi kowa jin daɗi a jirgin.

"Ina ganin ƙafafun nan a miƙe na ce shi ne."

Sha'aban ya so ƙasan jirgin ya buɗe. Ba maganar Barikisu ce ta fi ƙona shi ba. Ba kallon mutane ba ne.

Abin da Inna ta ce ne, da dabino ya fara shiga jikinta, muryarta ta dawo.

Ba shi ta kalla ba. Barikisu ta kalla.

"Kada ki ga laifinsa, 'yar nan. Ya tambaye ni. Ni na ce ba komai."

Ta ɗan huta.

"Ki ce masa ya koma wurinsa. Bayansa yana ciwo."

Nan ne hawayen ya zo masa.

Ya tuna ranar da ya tambaye ta. Ya tuna cewa tun kafin ya buɗe baki ya san amsar da za ta bayar. Da ƙanwarsa ce ta tambaya, da Inna ta ce, "Ke, zauna kusa da ni, tsoron abin nan nake ji." Amma shi? Ko wuta ce a mayafinta, "ba komai" zai ji.

Ya sani. Shi ya sa ya tambaya.

Ya miƙe, ya share fuska, ya dubi Baturen nan da gwiwoyinsa suka tokare kujerar gaba tun safe. Ya ce masa akwai wuri a bakin ƙofar gaggawa, in yana so, nasa ne. Ma'aikaciyar ta amince. Mutumin bai jira a maimaita ba.

Sha'aban ya cusa kansa a tsakiya. Gwiwa a maƙure, kafaɗa a matse, babu wurin ajiye hannu. Ya kai hannu sama ya rufe iskar da take hura wa Inna a ka tun tashinsu, wadda ba ta san ana iya rufewa ba. Ya sayi ruwa, ya sayi shayi, ya sayi duk abin da keken nan yake ɗauke da shi wanda za ta iya ci.

Ya cire matashin wuyan ya sa mata.

Ta taɓa shi, ta ce wa taga, "Ashe abin da laushi."

Barikisu ta ƙyalƙyale. "Mama, ai ɗanki ya san daɗi. Tambaye ni, na gani."

Inna ta ɗan murmusa.

Can jirgi ya ɗan girgiza. Sha'aban ya ji an riƙe bakin rigarsa. Bai juya ba, don ya san in ya juya za ta saki.

Ba a jima ba barci ya ɗauke ta. Kanta ya gangaro a hankali, ya sauka a kafaɗarsa.

Rabonsa da jin nauyin kan nan a jikinsa, ko nasa a jikinta, bai ma iya tunawa ba.

Bayansa ya fara ciwo. Ƙafarsa ta dama ta mutu. Fitsari ya kama shi.

Bai motsa ba har jirgi ya sauka.

Da suka fito, rana ta dake su a fuska, irin ta gida. Inna ta tsaya a kan matakala ta rufe ido, ta buɗe tafin hannunta. Barikisu ta zo wucewa da jakarta, ta dungure shi a kafaɗa.

"Watan sha ruwan tsofaffi. A dawowa ina za ka zauna?"

"Tsakiya, Anti."

"Ka kyauta wa kanka."

Darasi:

Ba kowane "ba komai" ne ba komai ba. Iyayenmu da yawa an raine su ne a kan kada su roƙa, musamman a wurin wanda suke jin kunya. In ka yi wa irin wannan mutum tambayar da ka riga ka san amsarta, ba shawararsa ka nema ba, izinin son kanka ka karɓa.

In za ka yi doguwar tafiya da tsoho a jirgin araha, ka zauna kusa da shi ko da gwiwarka za ta yi kuka. Ruwansa da abin taɓawarsa da maganinsa su kasance a cinyarsa, ba a jakarka ba. Ka gaya masa tun a gida cewa a nan komai saye ne. Kunne ɗaya kuma ka bar shi a buɗe.

Kuma ba jirgi kaɗai ba. A gida ma akwai wanda yake zaune can baya, yana jiran ka waiwaya, don ba zai iya kiran sunanka ba.

Ka tura wa ɗan farin gidanku. In kai ne ɗan farin, ajiye wayar tukuna, je ka duba ta, ka dawo ka tura wa sauran.