Dattijon da Ya Ce Yana da Gida

Daminar da ruwa ya rushe gidaje a ƙauyukan Shagari, ina koyarwa a wata firamare a Bodinga. Aka ɗauke mu, mu malamai, aikin wucin gadi, aka ba kowa waya, mu bi gari gari muna shigar da bayanan waɗanda suka rasa muhalli. Da abin da muka shigar za a raba kwanon rufi da siminti. Ni aka tura ni Horo Birni.

Tambayar farko a wayar ita ce ko mutum yana da gida. In ya ce e, shafin ya rufe ke nan, sai a kira na gaba.

Mutane suka taru a gindin bishiyar dogon yaro. Cikinsu akwai wani dattijo manomin gero, gemunsa fari tas, rigarsa wankakkiya. Tun kafin layi ya zo kansa maƙwabta suka gaya mini ɗakunansa duk sun zube, a zauren ƙanensa yake kwana, matarsa kuma tana wurin danginta.

Na gaishe shi, na karanta tambayar kamar yadda take.

"Baba, kuna da gida?"

Ya dubi jama'a, har da surukinsa a tsaye, sannan ya dube ni.

"Ina da gida, ɗiyata. Bango na yaf faɗi."

Na sassauta murya na ce masa in bai ce a'a ba, taimakon zai tsallake shi. Ya ce in taso. Muka taka cikin caɓi har kangon. Ya nuna mini inda aka haife shi, da inda rumbun mahaifinsa yake dā. Turmi na kife a kan tarin ƙasa.

"Nan ubana yab bar ni," ya ce. "Ba ni tsayawa gaban mutane in ce ba ni da gida."

Na kira shugabanmu a waya. Ya ce ba a shigar da komai sai abin da mutum ya faɗa da bakinsa, ga kuma layi yana jirana. Na danna e.

Kaya suka iso bayan girbi. Maƙwabtansa suka yi rufi, wasu suka tara masa ragowar kwano, amma babu bangon da za a ɗora shi a kai. Kafin wata damina ya koma wurin 'yarsa a Dingyadi, can ya rasu.

Da muka kai ƙorafi an gyara tambayar. Yanzu cewa ake yi, ina ka kwana jiya. Wannan da ya amsa ta ba tare da ya sunkuyar da kai ba, na tabbata. Da sai ya ce zauren ƙanena, shi ke nan.

Bara na bi ta garin zuwa wani suna. An share kangon, ƙanen ya shuka kuɓewa a wurin. Na so in tsaya in yi wa ƙanen gaisuwar rasuwa, mai babur ya ce hadari ya taso, muka wuce.